Darasi na 14: Zaɓen Itatuwan Inuwa da Ƙawa a Ƙasa Mai Sanyi da Laima

Mutumin da ya tashi a Katsina ko Sakkwato ko Maraɗi, in ya yi niyyar dasa itace a ƙofar gida, abu biyu ne a ransa: inuwa mai duhu da zai fake wa ranar bazara, da yadda zai sama wa dashen ruwa kada ya bushe. Tun yana yaro ya ga mahaifinsa ya haƙa rami mai zurfi, ya dasa dogon yaro, ya yi masa ɗan kwari a gindi don ruwa ya taru, sannan ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Wannan ilimi ne na gaske, shi ya raya itatuwan da muke shan inuwarsu a yau.

To amma Bahaushe ba ya zama wuri ɗaya. Fatauci da kiwo da aikin gwamnati da neman ilimi sun kai mu Jos da Bukur da Pankshin, sun hau da mu tsaunin Mambila har Gembu da Nguroje, sun tsallaka da mu Kamaru zuwa Ngaundare da Bamenda. A waɗannan wurare rana ba ta da zafin da muka saba, ruwa kuma ya fi ƙarfin buƙata. Wanda ya ɗauki dabarun ƙasar fari ya kai su can yadda suke, zai ga dashensa yana rawaya yana zubar da ganye a tsakiyar damina, ya rasa dalili. Da yawa sukan ce ƙasar ce ba ta karɓi itacen ba. A gaskiya kwarin nan da aka yi masa a gindi ne ya kashe shi.

Darasinmu na yau zai koya mana yadda ake duban wuri kafin a zaɓi itace, da irin itatuwan da suka dace da ƙasa mai sanyi da laima, da waɗanda ya kamata a yi kaffa-kaffa da su.

Ƙasar da muke magana a kanta

Tudu ne ke kawo sanyin. Duk mita 1,000 da mutum ya hau sama, zafi yakan ragu da kimanin digiri 6 a ma'aunin Salsiyas. Jos tana bisa tudun da ya kai kimanin mita 1,200 daga gaɓar teku. Mambila ya kai kimanin mita 1,600, kuma a yankinsa ne Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, mai mita 2,419. Shi ya sa a watan Afrilu Sakkwato kan haura digiri 40, alhali a saman Mambila, a yawancin shekara, zafin rana bai cika wuce digiri 25 ba.

Sai ruwan sama. Abin da ke sauka a Sakkwato ko Katsina a shekara bai cika wuce milimita 700 ba. Na Jos ya ninka wannan, wajen milimita 1,400. Na Mambila ya haura 1,800, kuma damina takan kwashe wata takwas ko fiye. Ga shi sanyi ba ya barin ruwan ya ƙafe da wuri. Raɓa takan kai hantsi a kan ganye, gajimare ya sauko ya rufe kwaruruka, bango ya yi gansakuka, tufafi su kwana biyu a igiya ba su bushe ba.

Yawan ruwan yana kuma wanke gishirin ƙasa ya tafi da shi, ya bar ta da tsami. Akwai tsirran da suke son haka. Ganyen shayin da ake nomawa a Kakara, kan Mambila, yana cikinsu, domin shayi ƙasa mai tsami yake so, da ruwa mai yawa wanda ba ya kwanciya.

Kada dai a haɗa Jos da Gembu a ce duk ɗaya ne. Jos tana da rani na kusan wata biyar, daga Nuwamba zuwa Maris, da hunturu mai busar da leɓe, kuma a Disamba da Janairu dare kan sauka zuwa digiri 11 ko ƙasa da haka. Itacen da za a dasa a Jos sai wanda zai jure markar Agusta, ya kuma jure ƙishin Fabrairu. Na Mambila da Bamenda ƙishinsa gajere ne, jiƙonsa ne mai tsawo.

Saiwa tana numfashi

Wannan ita ce maganar da nake so kowane ɗalibi ya riƙe ko da ya manta sauran. Saiwar itace tana buƙatar iska kamar yadda take buƙatar ruwa. Tsakanin ƙwayoyin ƙasa akwai ƙananan kafofi, a nan iska take zama. In ruwa ya cika kafofin ya kwana a ciki kwana da kwanaki, ƙananan saiwoyi masu shan abinci sai su shaƙe su ruɓe. Daga nan itacen ya kasa shan ruwan da yake tsaye a cikinsa, ganyensa ya yi yaushi kamar mai ƙishi. Mai gida ya gani, tausayi ya kama shi, ya ƙara masa bokiti biyu. Haka ake rasa dashe da yawa.

Saboda haka kafin a sayi komai, a gwada ƙasar. A haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya da faɗin kamu ɗaya, daidai inda ake son dasawa. A cika shi da ruwa, a bari ya tsotse. A sake cika shi, a duba agogo. In ruwan ya shanye cikin 'yan sa'o'i, ƙasar tana da kyau, kusan kowane itace zai zauna. In ya kai washegari warhaka yana nan kwance, to laka ce ko marmara a ƙarƙashi, kuma sai ɗayan biyu: ko a zaɓi itacen da ya saba da bakin rafi, ko a yi tudu a dasa a kai.

Tudun ba wani abu ba ne mai wuya. A tara ƙasa mai kyau gauraye da ruɓaɓɓen taki, tsawonta ya kai kamu ɗaya, faɗinta taku biyu, kamar babbar kunyar doya amma mai shimfiɗaɗɗen kai. A dasa a tsakiya. Ruwan sama zai gangara gefe ya bar wuyan itacen a bushe. Wato abin da aka saba yi a Katsina, a nan juya shi ake yi: can kwari, nan tudu.

A duba launin ƙasar da ta fito daga ramin ma. Ja ko ruwan ƙasa alama ce ta iska na shiga. Toka-toka mai ɗigo-ɗigon tsatsa, ko mai ɗan wari, alama ce ta ruwa na daɗewa a wurin ko da yau a bushe yake.

Ina za a sa shi?

A ƙasar zafi, gwargwadon duhun inuwa gwargwadon daraja. A ƙasa mai laima gida yana buƙatar rana ta taɓa shi kullum. Ɗakin da itatuwa suka rufe ta kowane ɓangare bangonsa ba ya bushewa, fumfuna takan kama tufafi da hatsi, kwano ya yi tsatsa ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye, masu asma da tsofaffi su sha wahala. Don haka a bar gabashin gida a buɗe, ranar safe ta shigo ta busar da raɓa. Inuwa a kai ta yamma, inda ranar la'asar ke duka.

Akwai dalili na biyu na barin gabas. A yawancin arewacin Nijeriya hadarin farkon damina daga gabas yake tasowa da iska mai ƙarfi, magina sun san haka, shi ya sa bangon gabas ke riga sauran zaizayewa. Dogon itace da ke tsaye a gabashin ɗaki, in iska ta kayar da shi, kan rufin zai faɗa. Kuma a jiƙaƙƙiyar ƙasa saiwa ba ta nutsawa can ƙasa, sama-sama take bazuwa, riƙonta ba shi da ƙarfi. A cikin duwatsu iska takan bi kwari ta sauya hanya, don haka a tambayi dattawan unguwa ta ina hadari ya saba zuwa musu.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne duban dashe yadda yake yau a cikin leda, ba yadda zai zama bayan shekara ashirin ba. A ƙasa mai ruwa itace yakan yi girman da ya zarce wanda aka san shi da shi a ƙasar fari. Ga ma'auni mai sauƙi da za a iya yi da ƙafa: ƙaramin itace kamar gwaba ko lemo, a ba shi taku huɗu zuwa biyar daga bango. Matsakaici kamar fiya ko jakaranda, taku takwas zuwa goma. Babba kamar atili ko maɗaci ko rimi, taku goma sha biyar zuwa ashirin, kuma in filin bai kai haka ba a haƙura da shi. Saiwa takan wuce iyakar rassa nesa, tana bin danshi, ta shiga masai da bututun ruwa da rijiya. A ɗaga kai kuma a duba sama. In akwai wayar lantarki, kada a dasa abin da zai wuce mita biyar ko shida, domin wata rana ma'aikata za su zo su sare kansa, ya zama abin tausayi, ruɓa ta shiga ta wurin saran.

Zaiti

Sai mu zo kan itatuwan kansu, kuma dole mu fara da zaiti, wanda wasu ke kira turare, domin duk wanda ya je Jos ko Mambila shi zai fara gani. Asalinsa daga Ostareliya ne. A Filato an dasa shi da yawa a filayen da haƙar kuza ta lalata, inda ba kowane itace zai yarda ya fito ba. A Habasha Sarki Menelik na Biyu ne ya ƙarfafa dasa shi a Addis Ababa a shekarun 1890, lokacin da itacen girki ya yi wa birnin ƙaranci. A Mambila, inda tuddai yawanci ciyawa ce, zaiti ne itacen girki, shi ne katakon rufi, shi ne dirkar shinge, kuma gidaje da yawa da kuɗinsa suke biyan kuɗin makaranta. In an sare shi ya sake tohowa daga kututture. Wanda ya zagi zaiti baki ɗaya bai yi masa adalci ba.

Amma ra'ayina a fili yake: zaiti itacen gona ne, bai dace da tsakar gida ko harabar makaranta ba. Wasu irinsa sukan haura mita 40. Yana yar da manyan rassa ba tare da wata alama ba. Ganyensa da ɓawonsa in sun bushe wuta suke jira, kuma ba kasafai wani abu ke yin kyau a ƙarƙashinsa ba. Ga shan ruwa. Saurin girman nan da ake yaba masa da ruwa yake yin sa, dare da rana, rani da damina. A Kenya Kikuyu suna kiransa da sunan da ke nufin mashayin ruwa, kuma marigayiya Wangari Maathai, wadda ta kafa ƙungiyar dashen itatuwa a 1977 ta kuma sami lambar Nobel a 2004, ta daɗe tana kira da a raba shi da bakin rafuka da mafarin ruwa. Mu ma abin da ya kamata mu yi ke nan. Mai son zaiti ya kai shi kan tudu, nesa da gida, nesa da idon ruwa, nesa da iyakar gonar maƙwabci.

'Yan gida

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda muke tsallake itatuwan da Allah ya halitta a wurin, mu tafi neman baƙi. Itacen da kakanninsa suka yi dubban shekaru a ƙasa ya san ruwanta, ya san ƙwarinta, tsuntsaye da ƙudan zumar wurin ma sun san shi.

Ɗauki atili. Duk wanda ya bi hanyar Pankshin ya ga waɗannan manyan itatuwa masu miƙaƙƙen jiki da faffaɗan kai, ya kuma ga mata suna sayar da 'ya'yansa a bakin hanya. A jiƙa su a ruwan ɗumi su yi laushi a ci, a tatsi mai a jikinsu, ƙaron itacen kuma a yi turare da shi. Ga filin makaranta, ga harabar masallaci ko asibiti, ga bakin kasuwa, da wuya a sami wanda ya fi shi. Sai dai yana son fili, domin yakan kai mita 40, kuma ba ya gaggawa. A san kuma cewa akwai macensa akwai namijinsa, don haka mai son 'ya'ya ya dasa uku ko huɗu, kada ya dogara da ɗaya.

Ga wurin da gwajin rami ya nuna ruwa na kwanciya, malmo ne amsa. A bakin rafi yake fitowa da kansa, jiƙon ƙafa ba ya damunsa, ganyensa kore ne shekara duka, furensa abincin ƙudan zuma ne, yara kuma suna shan 'ya'yansa. Saiwarsa tana riƙe gaɓar rafi kada ta zube. Inda aka cire zaiti daga bakin ruwa, malmo ya kamata ya maye gurbin.

Ɗinya da ɗorawa suna yin kyau a Jos da kewaye. Aduruku siriri ne, ana dasa shi da reshe kawai, ya yi shinge mai rai da fure mai kyau. Ceɗiya da durumi kuwa kowa ya san inuwarsu, kuma a ƙasa mai ruwa ko sanda aka kafa sai ta kama, amma saiwarsu ba ta jin kunyar bango ko rijiya. Wurinsu dandali da bakin kasuwa.

Mai zama a Mambila yana da makaranta a kusa da shi: dajin Ngel Nyaki, kusa da ƙauyen Yelwa, ɗaya daga cikin 'yan dazuzzukan kan dutse da suka rage a Nijeriya. A irin wannan daji ne ake samun itacen da masana ke kira Prunus africana, wanda ake haɗa maganin ciwon mafitsarar dattawa da ɓawonsa. Saboda yawan ɓare shi da ake yi, tun 1995 aka sa shi cikin jerin tsirran da ake sa wa cinikinsu ido a duniya. Wanda ya rene shi daga iri ya dasa a gonarsa ya sami inuwa, ya kuma rage wa daji nauyi. Kada dai a shiga gandun daji a tumɓuke dashe, iri ake nema ta hannun ma'aikatan gandun.

Baƙin da suka zauna lafiya

Ba kowane baƙo ne abin gudu ba. Fiya, wadda asalinta daga yankin Meziko ne, ta sami gida a Filato da Mambila da tuddan Kamaru. Tana ba da inuwa, tana ba da abinci, tana kawo kuɗi. Rauninta ɗaya ne, kuma babba ne: saiwarta ba ta jure kwanciyar ruwa ko kaɗan, akwai wata cutar ruɓewar saiwa da ke bin jiƙaƙƙiyar ƙasa ta kashe ta ko ta girma. Fiya a kan tudu ake dasa ta, ko da gwajin rami ya yi kyau. A nemi 'yar aure, domin takan fara 'ya'ya cikin shekara uku zuwa huɗu, ta ƙwallo kuwa tana iya ninka haka, kuma ba a san irin 'ya'yan da za ta yi ba.

Mangwaro yana son rani ya same shi lokacin fure. A Jos yana samun haka. Inda ruwa da raɓa ke dukan furen, sai ya yi baƙi ya zube, 'ya'yan da suka tsira su fito da baƙin tabo. A saman Mambila mai son mangwaro zai sami ganye fiye da 'ya'ya.

Don ƙawa zalla, jakaranda ce kan gaba. Daga Kudancin Amurka ta fito. Ganyenta ƙanana ne, inuwarta shara-shara ce mai barin haske ya ratsa, irin wadda gida mai laima ke buƙata, kuma in ta yi fure duk kanta sai ya koma shuɗi mai ratsin shunayya. Birnin Pretoria na Afirka ta Kudu da ita aka san shi. Amma a can ɗin ma hukuma ta sa ta cikin baƙin tsirrai masu mamaye daji, don haka a birni wurinta yake, kada a kai ta bakin gandun daji. Furenta in ya zuba a kan siminti ya jiƙe yana da santsi, a nisanta ta da hanyar da tsofaffi ke bi.

Girebiliya 'yar Ostareliya ce kamar zaiti, amma halinsu ya bambanta. Manoman shayi da kofi a Kenya da Ruwanda da Indiya suna dasa ta cikin gonakinsu saboda ba ta cika ƙwace wa amfanin gona abinci ba. Tana miƙewa sama ba ta baje rassa, ta dace da iyakar fili. Rassanta dai suna da saurin karyewa.

Fayin da saifires, masu siririn ganye da kai kamar tsinin mashi, suna son sanyi da ƙasa mai tsami, suna kuma tare iska in an jera su. Fayin ba ya yin ƙarfi sai da wata fumfuna mai amfani da ke zama a saiwarsa, shi ya sa masu renonsa ke ɗebo ƙasa daga gindin tsohon fayin su gauraya a leda. Busasshen ganyensa yana kama wuta kamar an zuba kananzir, don haka a riƙa share gindinsa kafin lokacin ƙunar daji.

Saifires kuma yana da labarin da ya kamata mu ji. A 1986 aka ga wani ƙaramin ƙwaro mai tsotson ruwan itace a Malawi. Cikin 'yan shekaru ya bazu zuwa Tanzaniya da Kenya da maƙwabtansu, ya busar da gandayen saifires da shingayen gidaje masu ɗimbin yawa, saboda an dasa iri ɗaya ko'ina. Don gudun irin haka ne wani masanin itatuwa na Amurka, Frank Santamour, ya ba da shawara a 1990 cewa kada iri ɗaya ya wuce kashi 10 cikin 100 na itatuwan gari. A gida ba sai an yi lissafi ba. In itace shida za ka dasa, kada su zama iri ɗaya.

Dogon yaro fa? Yana rayuwa a Jos, amma sanyi yana rage masa sauri, kuma ba ya son ruwa ya kwanta masa. Kuka da aduwa da dabino da gawo kuwa 'yan ƙasar fari ne. Na san kewar gida ce ke sa mutum ya so ganinsu a ƙofarsa, amma a saman Mambila wahala kawai za su sha.

A wurin mai sayar da dashe

Ana gane mai sayar da dashe na kirki da tambayoyinsa. Ga yadda ciniki mai kyau yake tafiya:

"Salamu alaikum. Baba, sannu da aiki."

"Wa alaikumus salam, Alhaji, sannu da zuwa. Me za a kawo maka?"

"Wanda ya fi saurin girma nake so, in sha inuwa baɗi."

"To Alhaji, gidan a tudu yake ko a kwari? Taku nawa ne zuwa bango? Akwai waya a sama? Masai fa, ta wane gefe yake?"

Wanda ya yi maka waɗannan tambayoyi, riƙe shi. Kuma a sani cewa itace mai saurin girma galibi jikinsa ba shi da ƙwari, shi iska ke fara karyawa.

Kada a zaɓi dashen da ya fi kowane tsawo. Wanda ya daɗe a leda saiwarsa takan nannaɗe kamar gammo, ko an dasa shi haka za ta ci gaba da zagaye har ta shaƙe kanta, bayan shekaru iska ta tuge shi. A ɗaga ledar a duba ƙasanta: in saiwa mai kauri ta huda ta shiga ƙasa, a bar shi. A ɗauki mai tsawon gwiwa zuwa ƙugu, mai kai ɗaya miƙaƙƙe, mai ganye ba tabo ba ƙwari a bayansa. In ɗan aure ne a duba wurin haɗin ya warke sarai. Mazauna Jos suna da Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya a garinsu, sauran wurare kuma akwai ofishin gandun daji na ƙaramar hukuma. A je a yi tambaya.

Dashe da shekarar farko

Lokacin dashe shi ne da zarar damina ta kankama, ƙasa ta jiƙu amma ba ta cika ba: Mayu zuwa Yuni a Jos, Afrilu zuwa Mayu a Mambila. Dashen tsakiyar marka ruɓa yake, na ƙarshen damina kuma rani kan riske shi bai kafu ba.

Ramin ya yi faɗi, ninki biyu ko uku na ledar, amma kada zurfinsa ya wuce tsawonta. A yanke ledar a cire ta gaba ɗaya. Wuyan itacen, wato inda jiki ya haɗu da saiwa, ya tsaya daidai da fuskar ƙasa ko ya ɗan ɗara. Binne wuya shi ke sa lemo ya riƙa fitar da ƙaro a gindi har ya mutu. Ɗanyen taki kada ya taɓa saiwa. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa kewaye, a bar tazarar tafin hannu tsakaninta da jikin itacen, saboda ruɓa da gara.

A kewaye shi da shinge mai ƙarfi, musamman a Mambila inda shanu suka yi yawa. In wurin na da iska a kafa masa sanda, a ɗaure da tsumma sako-sako yadda zai iya ɗan motsi, a kwance bayan shekara. A Jos, ranin farko sai an ba shi ruwa, bokiti ɗaya ko biyu a mako, a zuba a hankali ya nutse.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In ya fito da kai biyu a cire ɗaya tun yana ƙarami, domin nan ne yake tsagewa in ya girma. Sassabe da rani ake yi, lokacin da ciwon zai bushe kafin fumfuna ta shiga, da wuƙa ko zarto mai kaifi, dab da inda reshen ya fito ba tare da an yanki jikin uwar ba. In an ga kauci a reshe a sare shi tun bai yaɗu ba.

Aikin wannan mako

Kowa ya haƙa ramin gwaji a inda yake son dasa itace, ya rubuta sa'o'in da ruwa ya yi kafin ya shanye, da launin ƙasar da ta fito. Ya auna taku nawa ne daga ramin zuwa bango, zuwa masai, zuwa rijiya, ya lura ko akwai waya a sama, ya kuma rubuta ta wane gefen gida ramin yake. Bayan haka ya zaga unguwarsu ya nemo tsofaffin itatuwa biyar da suka fi ƙoshin lafiya, ya tambayi wani dattijo ɗan asalin wurin sunayensu da harshensu da kuma da Hausa, da wanda iska ta taɓa kayarwa a unguwar. Ku zo da abin da kuka rubuta a zama na gaba, da shi za mu zaɓa wa kowa itacensa. Kafin nan kada kowa ya sayi dashe.